Me Ke Ɗaure Harshen Ɗalibi? Masu Koyon Turanci a Ƙasar Gumel da Fargabar Buɗe Baki

 

Mai girma shugaban wannan zama, iyayenmu sarakuna da wakilansu, shugabannin makarantu, malamai maza da mata, iyayen yara, da ku ɗalibai da kuka yi sammako daga Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar da nan cikin Gumel, barkanku da zuwa, sannunku da hanya.  

Batun yau shi ne yadda masu koyon Turanci a masarautar Gumel suke kallon yin magana da shi. A lura da kyau, zancen buɗe baki ake yi, an ajiye karatu da rubutu gefe tukuna. Duk malamin da ke zauren nan ya san ɗalibin da zai cika shafi biyu da insha'i mai ma'ana, amma da an ce ya tashi ya faɗi jimla uku a gaban aji sai ya sunkuyar da kai, ya kama wasa da biro. Me ya ɗaure masa harshe? Daƙiƙanci ne, kamar yadda wasu ke saurin yanke hukunci? Ko ƙin harshen yake yi? Abin da wannan lacca ke son nunawa shi ne, ba ko ɗaya daga ciki. Yaron yana son Turanci, amma yana kallon magana da shi a matsayin kasadar da za ta iya zubar masa da mutunci a gaban tsaransa. Za a bi maganar gaɓa-gaɓa, har guda 6.

Na ɗaya: a takarda harshe na biyu ne, a ƙasa kuwa baƙo ne

Masana suna raba tsakanin ƙasar da Turanci yake harshe na biyu da wadda yake baƙon harshe. A 1985 Braj Kachru, wani masanin harshe haifaffen Indiya, ya kasa masu Turanci na duniya gida uku, ya sa Najeriya a gida na tsakiya tare da Indiya da Ghana, wato ƙasashen da suka gaji harshen daga mulkin mallaka suke kuma tafiyar da hukuma da shi. Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da haka: sashe na 55 ya ce da Turanci za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya, sannan da Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin hakan.

To, amma a tambayi yaron da ya taso a wani ƙauye na Gagarawa, a ina yake jin Turanci? Da Hausa ake ciniki a kasuwa. Da Hausa ma'aikaciyar asibiti ke tambayar uwa tun yaushe jikin yaron ya yi zafi. Da ita ake huɗuba, da ita ake yaƙin neman zaɓe, da ita ake sauraron labaran duniya, tun da sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957. Ɗan bautar ƙasa da aka turo daga Kudu, wanda ake sa ran yara za su tsinci Turanci a bakinsa, kafin ya cika wata shida ya iya gaisuwa da taya kaya da Hausa, domin ita ce za ta ba shi abinci. Wannan ƙarfin Hausa ne, abin godiya ne kuma. Sai dai yana nufin cewa yaron Legas ko Fatakwal yana tsintar Turanci a titi, shi kuwa namu sai a aji.

A yi lissafin ajin. Darasi minti 40 ne. Idan ɗalibai 60 ne, ko da malam ya yi shiru bai ce uffan ba, ya raba musu lokacin daidai wa daida, kowa zai samu daƙiƙa 40 ne kacal. Malam kuwa ba ya shiru. Shi ke cinye mafi yawan lokacin. Sai yaro ya yi zango guda cur bai furta jimlar da ya ƙaga da kansa ba, sai amshin da ake yi baki ɗaya. Ta yaya ba zai ɗauki harshen baƙo ba?

Na biyu: suna son sa, amma a matsayin mabuɗin jarrabawa

Robert Gardner da Wallace Lambert, masu bincike a Kanada, sun nuna tun wajajen 1959 cewa dalilan koyon harshe iri biyu ne: akwai mai koyo don ya cuɗanya da masu harshen, akwai mai koyo don wata buƙata, kamar aiki ko takardar shaida. Ɗalibanmu galibi a rukuni na biyu suke, kuma ba su yi laifi ba. Sun san babu shiga Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa sai da kiredit a Turanci. Sun san a JAMB kowa ya zaɓi darussansa, amma Turanci dole ne. Sun ga yayyensu sun ci lissafi da kimiyya, Turanci ya zaunar da su a gida shekara guda ko biyu.

Ga inda gizo ke saƙar. A jarrabawar WAEC da NECO akwai ɓangaren da ake kira gwajin furuci, amma a Najeriya ba da baki ake amsa shi ba. Ɗalibi zai zauna shiru, ya dubi kalmomi huɗu, ya zaɓi wadda sautinta ya yi daidai da wata, ya cike gurbi. Zai iya cinyewa tas bai buɗe baki ba. Yara ba wawaye ba ne. Abin da ake ba maki a kansa shi suke ba ƙarfi. Idan tsarin ya nuna musu cewa magana ba ta da maki, me zai sa su ɗauki kasadarta?

Akwai kuma ragowar tsohon kallo, na cewa Turanci harshen Nasara ne. Wannan ya yi sanyi ƙwarai in aka kwatanta da zamanin da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, lokacin da iyaye ke ɓoye 'ya'yansu kada a kai su boko. Yau uba ne ke sayar da tunkiya ya biya kuɗin jarrabawa. Ba nan babbar matsalar take ba yanzu.

Na uku: kunya, dariya da wuta biyu

Nan ya kamata a daɗe, domin nan ne cibiyar al'amarin.

A 1986 Elaine Horwitz da abokan aikinta a Jami'ar Texas ta Amurka suka wallafa binciken da ya zama madogara a wannan fage. Sun tsara tambayoyi 33 don auna fargabar da ke kama ɗalibi a ajin baƙon harshe, suka danganta ta da abubuwa uku: tsoron magana da mutane, tsoron jarrabawa, da tsoron yadda wasu za su auna shi. Ɗaliban da suka bincika Amurkawa ne masu koyon harsuna irin su Sifaniyanci. Ashe ciwon ba na Bahaushe kaɗai ba ne. Baturen da ke koyon harshen wani shi ma gumi yake yi, zuciyarsa na dukan uku-uku, abin da ya haddace jiya ya gudu ya bar shi.

Sai dai a wurinmu na ukun nan ya fi nauyi, saboda irin tarbiyyar da aka yi mana. Ku dubi abin da ke faruwa a aji biyu na ƙaramar sakandare. Malam ya jefa tambaya. Wata yarinya a layi na uku ta san amsar, har ta rubuta ta a gefen littafinta. Ta ɗaga hannu rabi, malam ya nuna ta. Ta miƙe, ta gyara hijabi, ta fara. A kalma ta huɗu ta furta sautin "f" inda ake son "p". Wani daga baya ya maimaita kalmar da ƙarfi, aji ya ɗauki dariya. Malam ya gyara mata kafin ta kai ƙarshen jimlar. Ta zauna. Lokacin tara an riga an laƙaba mata kalmar ta zama sunanta. Yanzu a faɗa tsakani da Allah, wa zai sake ɗaga hannu a wannan ajin? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ba ita kaɗai aka rufe wa baki ba, an rufe na duk wanda ya ga abin da ya same ta.

Alhali kuskuren nata yana da dalili na ilimi. Hausa ba ta bambanta waɗannan sautuka biyu, don haka kunnen da ya tashi da Hausa bai saba rarrabe su ba. Hausa tana da wasula biyar, kowanne da dogo da gajere, da 'yan tagwai. Turancin Ingila yana da sautukan wasali wajen 20. Hausa ba ta son baƙaƙe su cunkushe a farkon kalma ba wasali a tsakani, Turanci kuwa har uku yake jerawa. Kowace al'umma da inda take tuntuɓe. Balarabe yana fama da "p", Bafaranshe yana fama da "h", Bature kuma a ba shi "ƙ" da "ɗ" da "ɓ" a ga yadda zai ƙare. Da za a bayyana wa yara wannan tun farko, da sun gane cewa abin da ke faruwa da bakinsu ba aibi ba ne, aiki ne na motsa harshe da leɓe da ake koya da maimaici.

Wutar farko ke nan. Ta biyu ta fi ciwo. Yaron da ya dage ya iya, ya fara gwada Turancinsa a waje, sai a ce iyayi ne da shi, yana karya harshe, wai shi ɗan boko. In ya yi kuskure a yi masa dariya, in ya yi daidai a ce girman kai. Ina zai sa kansa? Mafi sauƙi ya yi shiru. Ga 'ya mace abin ya ninka, domin an riga an hore ta da cewa ɗaga murya a gaban maza rashin kamun kai ne.

Sannan ga dokar nan ta hana yin Hausa a makaranta, wadda ɗalibai ke kira banakula, inda monita ke rubuta sunan duk wanda aka ji ya yi harshen uwarsa, a ci shi tara ko a ba shi shara. Niyyar masu dokar kyakkyawa ce. Amma sau da yawa abin da take haifarwa shi ne aji mai shiru, ba aji mai Turanci ba, kuma tana dasa wa yaro cewa harshen gidansu laifi ne, Turanci kuma bulala.

Malamai, a yi haƙuri, akwai kalma guda gare ku, cikin girmamawa. Malamin da ke gaban allo shi ma a irin wannan ajin ya tashi. Da yawa sun san nahawu sarai, amma suna ɗauke da tabon dariyar da aka taɓa yi musu, shi ya sa suke fakewa da rubuta dogon bayani a allo yara su kwafa. Wannan ba abin zargi ba ne, abin a zauna a gyara ne, kuma Kwalejin Ilimi ta Gumel, wadda ke yaye malaman da ke cika makarantun yankin nan, ita ce wurin da ya fi dacewa a fara.

Na huɗu: darasin kasuwar Maigatari

Duk mai shakkar basirar mutanen yankin nan wajen koyon harshe, ya je Maigatari ranar Alhamis. Ya tsaya a kara, inda raƙuma da shanu da tumaki ke shigowa daga Nijar, manyan motoci kuma na jiran lodi zuwa Kudu. Ya saurari dillali guda. Zai gaisa da Bafulatanin da ya kawo bijimi da Fulatanci, ya juya ya yi wa baƙon da ya zo daga Kudu bayanin farashi da Turancin buroka, ya lissafa canjin sefa da naira da ka, ya jefa kalmar Faransanci ga wanda ya tsallako daga Damagaram. Nahawunsa ba daidai ba ne. Ana yi masa dariya wani lokaci, shi ma ya taya su. Amma ciniki ya faɗa, la'ada ta shiga aljihu.

Me dillalin nan yake da shi wanda ɗalibin sakandare ba shi da shi? Yana da abin da yake son faɗa, yana da wanda ke buƙatar ji, kuma kuskure ba ya jawo masa asarar mutunci. Shi ke nan.

Ƙasar Gumel ma ai ba baƙuwar harsuna ba ce. Mangawa ne suka kafa masarautar, da tsohuwar alaƙarta da Barno, ga Fulani, ga Hausawa, an cuɗu an zama ɗaya. Ku tuna kuma da makarantar allo. Larabci baƙon harshe ne, yana da sautukan da babu su a Hausa, amma yaro ɗan shekara shida yana ɗaga murya ya biya, malam ya gyara, ya sake biyawa, ba wanda ya ɗauki gyaran a matsayin tozarci, domin kowa a tsangayar murya sama yake karatu.

Binciken zamani ya zo daidai da wannan. Merrill Swain ta duba yaran Kanada da aka shekara da shekaru ana koyar da su da Faransanci. Suna fahimta sosai, amma maganarsu ta kasa kai fahimtarsu. A 1985 ta bayyana cewa sauraro kaɗai ba ya wadatarwa. Sai mai koyo ya matsa wa kansa ya furta, a nan ne yake gano abin da bai iya ba.

Kuma buƙatar tana ƙaruwa a bakin iyakar nan. Riɗi da zoɓorodon da ake tarawa a wannan yanki ƙasashen waje ake kai su, masu saye kuma ba Hausa suke ji ba. A 2025 maƙwabciyarmu Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta sa Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki. Matashin Maigatari da ya riƙe Hausarsa da kyau, ya kuma iya buɗe baki da Turanci, yana da kasuwa a kowane ɓangare na iyakar.

Na biyar: shin sai an bar Hausa ake iya Turanci?

Yara da yawa haka suka ɗauka, wasu iyayen ma haka. Tarihi bai goyi bayansu ba. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960, wanda daɗin Turancinsa ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya, shi ne ya rubuta Shaihu Umar da Hausa. A Kwalejin Katsina ya yi karatu, makarantar da ta yi suna wajen horar da ɗalibanta furuci da magana. Marigayi Ɗan Masanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, wanda ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1981, in ya juya Hausa sai ka rantse bai san wani harshe ba. Ba a gidan masu Turanci aka haife su ba.

Farfesa Babs Fafunwa ya gwada abin a Ife daga 1970: aka koyar da wasu yara dukan darussan firamare da Yarabanci shekara shida, Turanci kuma a matsayin darasi a hannun ƙwararrun malamai. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. Duk da haka manufar ƙasa ta yi ta kai-komo. Tsarin ilimi na 1977 ya ce a fara da harshen gida, daga baya a koma Turanci. A 2022 aka ce harshen gida har ƙarshen firamare. A Nuwamban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da janye wannan. Ra'ayin mai wannan lacca shi ne, ko wace manufa aka kafa a Abuja, ba za ta buɗe bakin yarinyar nan ta layi na uku ba muddin ajinta bai sauya hali ba.

A kuma cire wa yara tunanin cewa sai sun yi magana kamar mutumin Landan. A 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, har da Kannywood. Abin nema shi ne a fahimce ka a Legas, a Akara, a Dubai.

Na shida: abin da za a iya farawa ranar Litinin

Ba sai an jira kasafin kuɗi ba. Malam ya kafa doka guda a ajinsa, ya tsaya a kanta: ba a yi wa mai ƙoƙari dariya. Ya bar ɗalibi ya kai ƙarshen maganarsa kafin gyara, gyaran ma a tara shi zuwa ƙarshen darasi, a yi wa aji duka ba tare da kama suna ba. Ya raba yara biyu-biyu su yi magana lokaci guda. Daƙiƙa 40 ɗin nan sai ta koma mintuna. Aji zai yi hayaniya, shugaban makaranta ya daure, hayaniyar aiki ce.

A ba su abin da suka sani su faɗa. Yaron Sule Tankarkar ya fi malaminsa sanin yadda ake shuka gero da wake a gona ɗaya. Ya bayyana shi da Turanci. Yarinyar Gagarawa ta yi bayanin yadda ake dama fura. A kwaikwayi cinikin rago a aji, wannan dillali, wancan baƙo. A farfaɗo da ƙungiyoyin muhawara da wasan kwaikwayo, amma kada a bar su ga zaratan nan uku da ake kai wa gasa kullum.

Ingausa ma, wato cakuɗa Hausa da Turanci, kada a yi mata kallon ƙazanta, mataki ce. Cibiyar Engausa da Injiniya Mustapha Habu Ringim ya kafa a Kano tana koya wa matasa fasahar zamani da cakuɗen harsunan biyu, kuma suna fita da sana'a. Wanda ke da waya ya riƙa naɗar muryarsa minti guda a rana, ya saurara, ya tura wa aboki a WhatsApp. Iyaye kuma, ko ba ku ji Turanci, in yaro ya dawo ku ce ya faɗa muku abin da ya koya, sannan ya fassara. In kun ji wani na yi masa ba'a a ƙofar gida, ku tsawatar.

A nan za a dakata.   Yanzu fili na masu tambaya ne da masu gyara. Ana roƙon shugaba ya fara ba ɗalibai dama, musamman na layin baya, kuma kowa ya yi tambayarsa da harshen da ya ga dama, Hausa ko Turanci ko duka biyun.